Darasi na 14: Miyar Riɗi ta Cin Gasasshen Nama da Kayan Lambu

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ku iya:
1. bayyana yadda ake haɗa miyar riɗi daki-daki;
2. amfani da kalmomin girki da na gashi a cikin jimlolinku;
3. ba da umarni da yin hani yadda Hausawa suke yi wajen koyar da girki;
4. gina sifa daga aikatau.

Gabatarwa

Da zarar magariba ta kawo jiki a garin Minna, za ku ga hayaƙi yana tashi daga tukubar masu tsire a Tunga da Bosso da Kpakungu. Mai tsire yakan yayyanka nama, ya barbaɗa masa yaji, ya ɗora albasa da tumatir, sa'an nan ya naɗe a takarda. Yaji busasshen mahaɗi ne, kuma kowa ya san shi. A yau za ku koyi wani mahaɗin mai ruwa-ruwa, wanda ake dangwala nama a cikinsa, wato miyar riɗi.

Akwai miyar riɗi ta tuwo, wadda ake dafawa a tukunya da nama ko kifi. Ta wannan darasi daban take: riɗin kaɗai ake soyawa, sauran aikin duk a turmi da kwano ake yinsa. Kayan haɗinta kaɗan ne, amma tana bukatar natsuwa. Nama yana da tsada, kuma babu mai son ya ɓata naman Sallah da miya mai tsakuwa ko mai ɗaci. Wurare uku ne miyar nan take lalacewa: wajen wanki, da wajen suya, da wajen zuba ruwa. Wanda ya kiyaye waɗannan uku, ya iya miyar riɗi.

Karatu na Ɗaya: Riɗi da Nomansa

Riɗi tsiro ne da ake shukawa da damina, ya nuna cikin wata uku zuwa huɗu. 'Ya'yansa ƙanana ne ƙwarai, akwai farare, akwai masu ruwan ƙasa, akwai baƙaƙe. Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, shi ya sa idan aka kirɓa shi yake yin laushi da maiƙo. Ana noma shi da yawa a jihohin Jigawa da Nasarawa da Binuwai, haka kuma manoman Jihar Neja suna noma shi. Kasuwar Maigatari ta Jihar Jigawa ta yi suna wajen cinikinsa. Daga Nijeriya ana fitar da riɗi zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya.

Jihar Neja tana da wata alaƙa ta musamman da riɗi. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, kusa da Bida, ita aka ɗora wa nauyin inganta irin riɗi, tare da shinkafa da waken suya da rake. Shi kuwa garin Minna ya daɗe yana zama matattarar amfanin gona, tun lokacin da aka buɗe layin dogo na Baro zuwa Kano a 1911, kafin ya zama babban birnin jiha a 1976.

Ku lura da yadda ake girbin riɗi, domin daga nan tsakuwa take samo asali. Kwanson riɗi yakan tsage da kansa idan ya bushe, 'ya'yan su zube. Saboda haka manomi yakan yanke shi kafin ya gama bushewa, ya ɗaure dami-dami, ya jingine su a tsaye a gona. Bayan sun bushe sai ya kifa kowane dami a kan tabarma ko buhu, ya kakkaɓe. A wannan aiki ne yashi da ƙananan duwatsu suke shiga cikin riɗi. Da yake girmansu ɗaya da ƙwayar riɗin, ido ba ya rabe su da sauƙi, sai haƙori ya ba da labari.

Al'ummu da yawa sun san daɗin riɗi. Hausawa suna yin kantu da shi, suna kuma tatsar mansa. Tibi suna kiransa ishwa, suna yin miya da shi. Larabawa suna niƙa shi ya zama tahina, su dama da ruwan lemon tsami da tafarnuwa, su ci da gasasshen nama. Mutanen Japan ma suna da tasu miyar riɗin ta dangwala nama da ganye. Miyar da za ku koya 'yar'uwar waɗannan ce, sai dai duk kayanta ana samunsu a Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari.

Tattaunawa: A Wurin Mai Sayar da Riɗi

Ɗaliba: Salamu alaikum. Ina wuni, Mama?
Mai riɗi: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, 'yata. Yaya karatu?
Ɗaliba: Alhamdu lillahi. Mama, riɗi nake so, amma ban san yadda ake gane mai kyau ba.
Mai riɗi: Kawo hannunki. Ɗebi kaɗan ki sunsuna. Me kika ji?
Ɗaliba: Ƙamshi ne kaɗan, babu wari.
Mai riɗi: To, na bana ne. Wanda ya kwana biyu yakan yi warin tsohon mai. Idan kuma kika ga ya dunƙule, danshi ya taɓa shi, kada ki saya. Kantu za ki yi?
Ɗaliba: A'a, miyar cin gasasshen nama zan yi wa Babanmu.
Mai riɗi: Madalla. Sai ki ɗauki farin, ya fi rashin ɗaci. Amma fa ki rege shi da kyau.
Ɗaliba: In Allah ya yarda. A auna mini gwangwani biyu.
Mai riɗi: Ga shi, ga kuma gyara. Ki gaishe da mutanen gida.
Ɗaliba: Za su ji. Na gode, Mama. Allah ya ba da kasuwa.

Karatu na Biyu: Yadda Ake Haɗa Miyar

Kayan haɗi na mutum 6 zuwa 8:
Farin riɗi, gwangwanin madara 2
Man gyaɗa ko man riɗi, babban cokali 3
Tafarnuwa, ƙwara 3
Ɗanyar citta, guntu kamar kan babban yatsa
Attaruhu 1
Lemon tsami 2, ko ruwan tsamiya babban cokali 4
Gishiri, rabin ƙaramin cokali
Dakakkiyar daddawa, rabin ƙaramin cokali, ga mai so
Tafasasshen ruwa da ya huce, kofi 1

Kayan aiki: faifai, ƙwarya ko roba biyu, rariya, kasko, cokalin katako, turmi da taɓarya, da kwano mai murfi.

Mataki na ɗaya: wanki. A zuba riɗin a faifai a bakace shi, a tsince kara da ɓawo. A juye a ƙwarya, a zuba ruwa, a rege shi kamar yadda ake rege shinkafa: ana karkata ƙwaryar a hankali, riɗi yana bin ruwa zuwa ƙwarya ta biyu, yashi yana kwantawa a ƙasa saboda ya fi nauyi. A maimaita sau uku, ko har sai an daina ganin yashi. Idan ana son a rage ɗaci, a jiƙa riɗin na ɗan lokaci, a surfa shi sama-sama a turmi, a sake wankewa, dusar za ta taso a zubar. Daga nan a tsane shi a rariya, a baza a faifai, a shanya har ya bushe. Ya fi kyau ku yi wannan aiki tun ana gobe za a yi gashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: suya. A nan ne mafi yawan masu koyo suke yin kuskure. A ɗora busasshen kasko a kan wuta kaɗan, ba tare da mai ba. A zuba riɗin, a riƙa juyawa da cokalin katako ba ƙaƙƙautawa. Ƙwayar riɗi ƙarama ce, ga ta cike da mai, don haka zafi yana ratsa ta nan da nan. Tsakanin soyuwa da ƙonewa bai wuce ɗan taƙaitaccen lokaci ba, kuma riɗin da ya ƙone ɗacinsa ba ya gyaruwa, ko an zuba masa zuma.

Suyar takan ɗauki kamar minti 5 zuwa 7, amma kada ku dogara da agogo kaɗai. Ku sa kunne, za ku ji riɗin yana ƙara tas-tas, yana tsalle a kasko. Ku sa ido, za ku ga farinsa ya koma ruwan zuma. Ku sa hanci, ƙamshi zai tashi mai kama da na soyayyiyar gyaɗa. Sa'an nan ku ɗauki ƙwara biyu ko uku ku murtsuke tsakanin yatsu. Idan sun farfashe cikin sauƙi sun bar maiƙo, suya ta yi. A juye shi a faifai nan take. Kada a bar shi a kasko ko da an sauke daga wuta, domin zafin kaskon zai ci gaba da soya shi.

Mataki na uku: kirɓi. Tun riɗin yana da sauran ɗumi a zuba shi a turmi, domin ɗumi yana taimaka wa mai ya fito. Da farko zai zama gari, daga baya ya fara dunƙulewa, a ƙarshe ya yi laushi yana ƙyalli. A lokacin ne za a zuba man gyaɗa, a ci gaba da kirɓawa har ya yi sumul. Mai injin markaɗe na gida yana iya amfani da shi, sai dai ya riƙa tsayawa yana kankare gefe. A kwashe a kwano. A jajjaga tafarnuwa da citta da attaruhu da gishiri su yi laushi, a zuba a kai, tare da daddawa da ruwan lemon tsami.

Mataki na huɗu: damu. Yanzu za ku ga abin mamaki. Da an zuba ruwan lemon tsami da cokalin farko na ruwa, maimakon kirɓaɓɓen riɗin ya saki, sai ya ƙara tauri, ya cure kamar tuwo. Mai koyo yakan tsorata ya ɗauka miya ta lalace, ya kwarara ruwa gaba ɗaya, ko ma ya zubar. Ga dalilin curewar: a cikin kirɓaɓɓen riɗi akwai ƙananan ɓarɓashi da suke yawo a cikin mai. Ruwa kaɗan yana jiƙa su ne kawai, su manne da juna. Sai ruwa ya wadata suke rabuwa, su bazu. Saboda haka a ci gaba da zuba ruwa cokali-cokali, ana damawa, kada a ƙara sai na farko ya shige. Sannu a hankali miyar za ta saki, launinta ya yi haske, ta yi santsi kamar kindirmo. Idan aka ɗaga cokali ta zubo a hankali ba ta tsinke ba, kaurinta ya yi daidai. Ba dole ne ruwan kofin ya ƙare ba.

Mataki na biyar: ɗanɗano. A ɗanɗana. Idan ta yi nauyi a baki, a ƙara lemon tsami. Idan ta yi salam, a ƙara gishiri kaɗan. A rufe, a bar ta kamar minti 15 domin ƙamshin tafarnuwa da citta ya ratsa ta.

Karatu na Uku: Cin Miyar da Adana Ta

Miyar riɗi tana dacewa da tsire da balangu da gasasshiyar kaza. Tana kuma karɓar gasasshen kifi, wanda Jihar Neja ba ta rasa shi, albarkacin kogin Neja da kogin Kaduna da madatsun ruwa na Kainji da Shiroro. Daga kayan lambu, ku gwada ta da yalo da albasa da tattasai da kuɓewa da kabewa. A yanka su manya-manya, a shafa musu mai da gishiri, a gasa a kan garwashi har su yi laushi. Gasasshiyar doya ma, wadda manoman Gbagyi na kewayen Minna suka shahara da nomanta, tana daɗi ƙwarai da wannan miya.

Kada a shafa miyar a jikin nama tun farkon gashi. Dalili shi ne wanda kuka riga kuka sani: riɗi ba ya jure wuta mai ƙarfi. A bari nama ya gasu, a sauke, sa'an nan a yaryaɗa miyar a kai, ko a ajiye ta a ƙaramin kwano kowa ya dangwala. Haka kuma cokalin da ya taɓa ɗanyen nama kada ya koma cikin miya, domin ba za a dafa ta ba balle wuta ta kashe ƙwayoyin cuta.

Miyar da aka riga aka dama da ruwa ba ta jure zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana take ƙuna a Minna. A cinye ta a ranar, ko a sa a firji kada ta wuce kwana 3. Amma kirɓaɓɓen riɗi zalla, wanda ruwa bai taɓa ba, yana yin makonni a busasshiyar kwalba mai murfi. Idan mai ya taso samansa, ba lalacewa ya yi ba, a juya kawai. Dabara ita ce a kirɓa da yawa a ajiye, a riƙa ɗiban abin da za a ci ana damawa.

A ƙarshe, ku sani akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar riɗi ko gyaɗa. Idan sun ci sukan yi ƙaiƙayi ko kumburi, wani lokaci har numfashi ya yi musu wuya. Saboda haka ne tun daga 2023 dokar Amurka ta wajabta a rubuta sunan riɗi a jikin duk abincin kanti da yake ɗauke da shi. Ku gaya wa baƙonku abin da ke cikin miya kafin ya ci. Idan wani ya ci numfashinsa ya sarƙe, a garzaya da shi asibiti.

Sababbin Kalmomi

mahaɗi: abin da ake cin wani abinci da shi
tukuba: wurin da mai tsire yake gashi
bakace: watsa hatsi sama a faifai don a fitar da ƙaiƙayi
rege: raba hatsi da yashi ta hanyar amfani da ruwa
surfa: daka jiƙaƙƙen hatsi sama-sama don a cire dusa
kirɓa: daka abu har ya yi laushi ya haɗe
jajjaga: daka kayan miya, kamar attaruhu da albasa
cure: dunƙule wuri ɗaya
dangwala: taɓa miya da loma ko yankan nama
salam: rashin gishiri ko rashin ɗanɗano
garwashi: gawayin da ya kama wuta ya yi ja
gyara: ɗan ƙarin da mai sayarwa yake yi wa mai saye

Nahawu

A. Umarni da hani. Idan kuna magana da mutum kai tsaye, za ku ce: ka wanke (namiji), ki wanke (mace), ku wanke (jam'i). Amma wajen bayanin girki, Hausawa sun fi amfani da “a”, wadda ba ta nuna wani mutum takamaimai: a wanke, a soya, a kirɓa. Wannan hanya tana kuma nuna ladabi. Ku duba yadda ɗalibar ta ce wa mai riɗi, “A auna mini gwangwani biyu.” Wajen hani, ana sa “kada” a gaba: kada a bar shi a kasko; kada ki saya.

B. Sifa daga aikatau. Ana gina sifa daga aikatau don a nuna cewa an riga an yi wa abu aikin. Sifar tana bin jinsi da adadin sunan da take siffantawa:

gasa: gasasshe, gasasshiya, gasassu
soya: soyayye, soyayyiya, soyayyu
daka: dakakke, dakakkiya, dakakku
ƙone: ƙonanne, ƙonanniya, ƙonannu

Idan sifa ta zo kafin suna, tana ɗaukar -n ga namiji da jam'i, -r ga mace: gasasshen nama, gasasshiyar doya, gasassun kaji.

C. Furuci. Ku bambanta baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ƙugiya, domin ma'ana tana sauyawa: daka (a turmi) da ɗaka (cikin ɗaki), kara (na dawa) da ƙara (daɗa wani abu). Ku saurari malaminku ya furta gashi na nama da gashi na kai. Rubutunsu ɗaya ne, tsawon wasali ne ya raba su.

Karin Magana

1. Ba a fafe gora ranar tafiya.
2. Sauri ya haifi nawa.
3. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ku tattauna a aji: wane mataki na haɗa miyar riɗi ne ya dace da kowace karin magana, kuma don me?

Auna Fahimta

1. Ta yaya yashi yake shiga cikin riɗi?
2. Wace cibiya ce take inganta irin riɗi, kuma a ina take?
3. Kawo alamomi huɗu da suke nuna riɗi ya soyu.
4. Me ya sa ake juye riɗi daga kasko nan take?
5. Bayyana dalilin da ya sa kirɓaɓɓen riɗi yake curewa idan aka fara zuba masa ruwa.
6. Don me ba a shafa miyar a jikin nama tun farkon gashi?
7. Wanne ya fi daɗewa a ajiye, damammiyar miya ko kirɓaɓɓen riɗi zalla?

Aikin Aji

1. Ku mayar da waɗannan jimloli zuwa hani: (a) A zuba ruwa gaba ɗaya. (b) Ki ƙara wuta. (c) Ku sayi riɗin da ya dunƙule.
2. Ku gina sifa ta namiji da ta mace da ta jam'i daga waɗannan: dafa, niƙa, wanke, bushe.
3. Ku cike gurbi da sifar da ta dace: (a) ______ kaza (soya). (b) ______ barkono (daka). (c) ______ kifaye (gasa).
4. Ku kasu biyu-biyu ku kwaikwayi tattaunawar kasuwa. A wannan karon mai sayarwa namiji ne dattijo, sai ku sauya gaisuwa da wakilan suna yadda ya kamata.

Jinga

Ku tambayi iyayenku ko kakanninku sunan riɗi a harshenku na gida, ko Nufanci ne, ko Gbagyi, ko Yarbanci, ko Ibo, ko wani harshe, da irin abincin da ake yi da shi. Ku rubuta yadda ake haɗa wannan abinci da Hausa cikin jimloli 10, kuna amfani da umarni mai “a”, da hani aƙalla guda biyu. Wanda ya sami dama ya haɗa miyar riɗi a gida tare da wani babba, ya zo ya gaya wa aji a wane mataki ya fi shan wuya.